'Yar Ranar Canjin Hannu

Kwanan baya wata jikata ta zauna kusa da ni da wayarta, ta ce in zaɓi duk ranar da nake so a cikin shekara, za ta karanto mini abin da ya taɓa faruwa a cikinta. Na ce biyu ga Afrilu. Ta dangwala nan ta dangwala can, sai ga jeri: yaƙin wasu mutane a bayan teku, rasuwar wani babba, haihuwar mawaƙa da 'yan ƙwallo waɗanda ko sunansu bakina ba ya iya kamawa. Na ce, "Shi ke nan?" Ta ce shi ke nan. Na ce to wanda ya tsara jerin nan bai taɓa taka Gumel ba, don ya tsallake abubuwa biyu. Ɗaya ƙasar nan kaf ta shaida shi. Ɗayan kuwa ni ya shafa, kuma sai da na shekara shida ban buɗe baki na faɗe shi a gaban mutane ba.

Ranar Lahadi biyu ga Afrilu, 1972, aka canza hannun tuƙi a Nijeriya, aka bar hagu aka koma dama. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, ina jan tsohuwar motar katako ta wani Alhaji a Gumel. Lokacin muna cikin Jihar Kano. Kayana gero da dawa da wake da awaki, masu awakin kuma a kan buhuna. Ina cin kasuwar Gumel, in ci ta Maigatari ran Alhamis, ran Lahadi in gangara kudu zuwa wata kasuwa da ke kan hanyar Kano. Sau da yawa daga Maigatari nakan tsallaka Faranshi, haka muke ce wa Nijar, in kai kaya har Damagaram in ɗauko kanwa da dabino.

To su can a dama suke tuƙi tun da na san su. Da na wuce shingen duwan, wato kwastan ɗinsu, sai in karkata sitiyari in koma dama, in na dawo in koma hagu, ko tunani ba na yi. Saboda haka da aka fara shelar canjin a rediyo, mutane suka tada hankali, ni dariya abin ya riƙa ba ni. Wata hajiya a unguwarmu ta ce ba za ta ƙara shiga mota ba sai an ga waɗanda suka rage. Wani tsoho a garinmu na asali, can wajen Sule Tankarkar, ya kwashe mako guda yana koya wa jakinsa bin ɗaya gefen hanya, shi kuma jakin ya ce bai san zancen ba. Har masu kekuna da masu tallan nono sun ɗauka dokar ta hau kansu, ana ta gardama a kan ko raƙumi ma yana ciki.

Ni kuwa kasuwata ta buɗe. Kullum da la'asar a tasha, a gindin darbejiya, nakan zana titi a ƙasa da kara, in cire takalmana in mai da su motoci, ina koya wa direbobin da suka haife ni yadda ake shiga kwana da yadda ake gilmawa. Baki gare ni a lokacin, ba na musu. Har cewa na yi duk mai son ya kwana a gidansa ranar Lahadin nan, to ya shigo motata. Mutane kuma suka ɗauka.

A cikin wannan hidima matata tana Gagarawa Tasha, gidan iyayenta, ta tafi goyon ciki. Cikin fari ne. Yaran yanzu za su yi dariya, amma a zamaninmu ɗan fari abin kunya ne ga uwa da uba. Ba ka ɗaukarsa, ba ka yi masa wasa, ba ka kiran sunansa, in ana zancensa ka sunkuyar da kai ko ka tashi. Iyayen matata Fulani ne da suka zauna suka kama noma, mahaifiyata ma haka, don haka a gidajenmu abin ya fi na kowa tsanani. Wata uku tana can, hanyata ta kudu tana bi ta bakin garinsu kowane mako, ban taɓa tsayawa na ce yaya mai jiki ba. Itacen wanka da kanwa da kayan yaji ma ta hannun wani abokina na aika, kamar kayan sata.

Ranar ta zo. An ce ƙarfe shida na safe dokar za ta fara, saboda haka muna idar da sallar asuba muka taru a tasha, ba wanda ya tada mota. Ban taɓa ganin motata ta cika haka ba. A gaba, kusa da ni, baffana ne ya zauna, ƙanen mahaifina, mutum mai ƙarancin magana da yawan lura, wanda daga baya ya zama mai unguwarmu. Za shi sayen ɗan maraƙi. Da lokaci ya yi, ɗan sanda ya busa usur, na yi bisimilla na hau hannun dama a hankali, ina ɗaga wa mutane hannu kamar wanda ya dawo daga Makka.

Tafiyar ta yi daɗi. Zafin bazara bai riga ya taso ba, gonaki fayau an share ana jiran ruwa. A kowane ƙauye mutane sun fito bakin hanya suna kallo, ko da yake ban san me suke sa ran gani ba, don motar dai ita ce ta jiya. In muka hango wata mota tana tahowa sai fasinjoji su yi tsit, a hau salati, mu gilma lafiya, a saki ajiyar zuciya, wani daga baya ya buga katako ya ce, "Allah ya ja kwana, Direba!" Kaina ya yi girma har ya kusa taɓa rufi.

Da hantsi muka iso Gagarawa Tasha. Na tsaya daf da layin dogo don in sauke mutum biyu in zuba wa mota ruwa. Ina tsaye da bokiti sai ga ƙanwar matata, wadda take aure a nan garin, da ƙwaryar fura a kanta. Tsakanina da ita wasa ne, ba ta raga mini ko kaɗan. Tun daga nesa ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Direba, kawo goron albishir! An sauka lafiya da hudowar rana. Mace ce, mai dogon hanci, Allah ya taimake ta ba ta ɗauko naka ba!"

Motar ta ɗauka da barka, barka. Baffa yana zaune a gaba, gwiwar hannunsa a kan taga, yana kallona. Ni kuwa na ci gaba da tsiyaya ruwa kamar da wani ake. Ruwan ya cika ya tumbatsa yana zuba a kan ƙafata, ban daina ba. Na ce da ita, "Furar nan ta yau ce kuwa?" Ta tuntsire da dariya ta ce, "Ji shi, wai fura!" Baffa ne ya zaro goro daga aljihu ya miƙa mata, ya tambayi lafiyar mai jego, ya sa albarka.

A cikina kuwa Allah kaɗai ya san abin da ake yi. Murna ce irin wadda ban taɓa ji ba, ga tsoro, ga son in yar da bokitin in ruga. Gidan surukaina ga shi can ina hango rufin rumbunansu, hayaƙi yana tashi daga bayan danga, na san ruwan wanka ake dafawa da itacen da na aika. Na hau mota na tada ta, na ba ta wuta.

Ban san tsawon tafiyar da muka yi ba. Ihu kawai na ji daga baya, ana dukan katako, mata suna salati. Na ɗaga ido sai ga wata mota ta nufo mu gadan-gadan, direbanta yana ta danna ƙaho yana miƙo hannu ta taga. Na buɗe baki zan zage shi, in ce ga irin jahilan da nake faɗa, sai Baffa ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba, "Malamin tuƙi, a hagu kake."

Na fizge sitiyari, muka faɗa cikin yashi, awaki suka hau kan mutane, mutane suka hau kan buhuna. Ba wanda ya ji ciwo sai wata tukunya. Amma kafin magariba labari ya riga ni isa Gumel: mutumin da ya yi wata guda yana koya wa mutane hannun Faranshi, shi kaɗai ne a faɗin ƙasar Gumel ya manta. Shekara da shekaru direbobi suna cire takalma su ajiye a gabana su ce in ƙara musu karatu. Na sha wannan tsiya har na saba, ban taɓa faɗin dalili ba, Baffa ma bai faɗa ba.

Ranar suna tun da duku-duku na bar gari, na yini a Maigatari ba abin da ya kai ni. Da aka yaye yarinyar sai aka ba wa yayata, wadda Allah bai ba ta haihuwa ba, gidanta kuma katanga ɗaya ce ta raba shi da namu. Yarinya ta tashi tana ce wa yayata Inna, ni kuma tana ce mini Direba kamar kowa. In zancenta ya kama dole, sai in ce "ta gidan Yaya", ko "waccan". In na dawo daga Damagaram nakan miƙa wa yayata ƙullin dabino in ce a raba wa yara. Ita kuma ta ce, "To, bari in tara su," alhali duk gidan yarinya ɗaya ce.

Yayenta ya faɗo cikin shekarun fari, lokacin da shanu suka yi ta faɗuwa a hanyar Maigatari, hatsi ya yi wuya. Ta yi ciwo mai tsawo. Ta katanga nake jin tarinta, ina zaune a tsakar gidana ina gyaran abin da bai lalace ba. Allah ya tashe ta, sai dai ta tashi 'yar firit, ƙannenta biyu da aka haifa bayanta har sun kusa kamo ta. Amma baki da wayo, sai dai a yi shiru. Na san inda ta samo bakin.

Bayan ƙaramar Sallah ta 1978, gero ya fara nuna, aka buɗe ɗaukar yara a firamaren unguwarmu. Shekara biyu ke nan da fara karatun kyauta. A ƙauyuka ana ta ɓoye yara, a cikin gari kuwa azuzuwa sun cika har ana zama a gindin bishiya, saboda haka malamai suka tsananta: sai mai shekara shida. Takardar haihuwa kuwa wa ya san ta? Abin da ake yi shi ne a sa yaro ya ɗora hannu ta saman kansa ya kamo kunnensa na ɗaya gefen. In ya kamo ya isa, in bai kamo ba sai baɗi.

Yayata ta yi mata kitso ta kai ta, tare da ƙawayenta biyu na maƙwabta waɗanda kullum suke wasan makaranta tare, ita ce ma malamarsu. Ƙawayen suka kamo kunne. Ita ta miƙa, ta karkata kai, ta yi ɗage, yatsunta suka tsaya saura kaɗan. Aka ce sai baɗi.

Da la'asar yayata ta shigo mini a fusace, mayafi a hannu. Ta ce ta rantse wa malamin yarinya ta haura shida, ya ce yaushe aka haife ta, ta ce da bazara, ana tsananin zafi. Ya ce Hajiya ai kowace shekara ana zafi.

Na ce, "Baffa fa? Ba shi ne yake zama a teburin yana shaida 'ya'yan unguwa ba?"

"Yana zaune! Na ce Baffa ku sa baki, ya ce shi tsufa ya kama shi, ba ya riƙe lissafi. Wai a nemo wanda ya sani."

Raina ya ɓaci. Mutumin da yake iya faɗa maka ranar da aka haƙa kowace rijiya a unguwar, shi ne yau ba ya riƙe lissafi? Uwar yarinya kuwa ba a ma maganarta, kunyarta ta ninka tawa, ko a ɗaki ba mu taɓa zancen yarinyar da suna ba. Yayata ta ce gobe ake rufe rajista, ta kaɗa mayafinta ta fita.

Kafin magariba na leƙa ta inda katangar ta zube. Yarinyar tana zaune a bayan rumbu, kwanon tuwonta a gefe ba ta taɓa ba. Ta ɗora hannu a ka, ta sa ɗaya hannun tana jan kunnen sama don su haɗu. Ba kuka take yi ba, ta dai ciji leɓe, ta saki, ta huta, ta sake. Na daɗe a tsaye. Tausayinta ya kama ni, kuma na ji haushin kaina, don duk duniya ba wanda ya fi ni sanin ranar nan.

Washegari Alhamis ce, an yi wa mota lodi tun da sassafe za mu Maigatari. Na ce da fasinjoji su ba ni minti goma. Na aika wa yayata cewa ta sake kai ta. Na bi bayansu da 'yar tazara, ina tafe ina duba ƙasa kamar wanda ya yar da wani abu.

Filin makarantar cike yake da iyaye. Ga tebur a gindin bishiya, ga babban malami da rajista, wani mai gilashi da ba ɗan garin ba ne, ga Baffa a gefensa da carbi. Da layi ya zo kansu malamin ya ce, "Hajiya, ba jiya muka gama ba? Kunne ba ya tsiro a kwana ɗaya."

Na ji muryata ta fita kafin in shirya. "Malam, ta isa. Shekararta shida da wata biyar."

Ya dube ni ta saman gilashi. "Ka tabbata? Yaushe aka haife ta?"

"Ran Lahadi, biyu ga Afrilu, saba'in da biyu. Da hudowar rana. Ranar da aka canza hannu."

Nan take kowa ya fara magana lokaci guda. Malamin ya ajiye biro ya ce shi a ranar yana kwalejin horon malamai, da ƙafa ya tura kekensa har masallaci don tsoro. Wata mata ta ce ranar aka kai ta ɗakin miji, a kan doki, don uwarta ta hana a sa ta a mota. Wani ya ce ai ƙanensa ma a makon aka haife shi, ga shi can ya kamo kunne tun jiya. Sai wani direba daga baya, Allah ya shirye shi, ya ɗaga murya ya ce, "Malam, in dai ranar nan ce, yarda da shi. Duk Gumel ba wanda ya fi shi tuna ta!" Aka fashe da dariya.

Malamin ya juya wajen Baffa. "Ranka ya daɗe, haka ne?"

Baffa ya ja carbi ɗaya, biyu. "Yanzu da ya faɗa, na tuna. Ina cikin motar aka yi masa albishir. Saura kaɗan ya kashe mu."

Sai a lokacin mutane suka haɗa labaran biyu. Dariyar da aka yi ta biyu ta fi ta farko, har da tafi. Ni kuwa na rasa inda zan sa idona. Na gane tsohon nan da gangan ya yi, tun jiya yake jirana.

Malamin ya jawo rajista, yana murmushi. Shi baƙo ne, bai san dawan garin ba, ko kuma ya sani ya bi sahun Baffa, har yau ban tabbatar ba. Ya ce, "To madalla. Kai wane ne nata?"

Yayata ta buɗe baki za ta cece ni, Baffa ya ɗaga mata yatsa.

Na ce, "'Yata ce."

"Sunanta?"

Na faɗa. Sunan da ban taɓa furtawa ba tun da aka raɗa shi, ya fito daga bakina a gaban baffana da yayata da rabin unguwa. Ban mutu ba, ƙasa kuma ba ta tsage ba. Malamin ya rubuta, ya rubuta nawa a gefensa, ya nuna mata ajin da ƙawayenta suke leƙowa ta taga suna yi mata hannu.

Na juya da sauri zan koma tasha, na san fasinjoji sun fara zagina. Na kusa bakin ƙofa sai na ji ƙafafu a bayana.

"Direba."

Na tsaya. Ta ɗaga kai tana kallona, hannunta ɗaya riƙe da gefen ɗankwali.

"Ashe ka san sunana?"

Na ce, "Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun kina da kwana bakwai."

Ta auna maganar, yadda take yi in an ba ta dabino tana so ta san ko an rage. Sannan ta ce, "To sake faɗa."

Na waiwaya. Baffa yana can a teburinsa, ya daina jan carbi, ya zuba mana ido. Na durƙusa daidai tsawonta, na sake faɗa.